Kamtan da Duhun Tsakar Rana

A ƙauyenmu na kan tudu, can cikin lardin Loei, Kamtan uku gare mu, amma in ka ce Kamtan mai fitila ba wanda zai sake tambayarka wanne. Dogo ne, siriri, mai ƙaton maƙogwaro, kuma tun muna yara ba mu taɓa ganin ya shiga gardama ya fito yana cewa shi ne bai gane ba. Ba mugu ba ne. Da mugu ne, da labarinsa bai tsaya mini a rai haka ba.

Sunan daga gonar mangkon ya samo shi, ɗan itacen nan mai jan ɓawo da farar tsoka mai ɗigon baƙi. Kowa a nan ya san mangkon ba ta fure sai yini ya yi tsawo. Da sanyi ya shigo, dare ya fara rinjayar rana, sai ta yi shiru har wata shekara. Kamtan yana saurayi ya yi ƙwadago a wata gona can kudu, kusa da teku, ya ga wata dabara ya dawo da ita a kansa. Ya sayar da ɓaunar da ubansa ya bar masa, ya ja igiyar lantarki tsakanin layukan gonarsa, ya rataya ƙwayayen fitila masu ruwan ɗorawa. Yakan kunna su na ɗan lokaci a tsakiyar dare, ya kashe. Mutane suka ce ya buɗe wa kwaɗi kasuwa. Surukinsa ya yi wata guda ba ya amsa masa gaisuwa. Sai ga shi a tsakiyar sanyi, lokacin da gonar kowa ta koma ƙaya da kore, tasa ta ɓarke da fararen furanni manya-manya kamar kwanon miya. 'Yan sari suka riƙa hawowa tudun da motocinsu suna layi a ƙofar gidansa.

Tun daga wannan shekarar ya kama magana ɗaya ya riƙe gam: shukar da ta ƙi fure haske ta rasa, ka katse mata dare ta ba ka abin da kake so. Kusan shekara arba'in maganar ba ta taɓa ba shi kunya ba, to wa zai ƙwace ta daga bakinsa? Har yadda yake gwada ƙwan fitila daban ne. Sai ya sa a kunna, ya kai bayan hannunsa kusa. In ya ji ɗumi ya gyaɗa kai, in bai ji ba ya mayar wa mai shago kayansa.

'Ya ɗaya gare shi, Noina. Tana gama makaranta ta bi sahun tsararrakinta, masana'anta a Rayong tukuna, daga nan Koriya, inda ta shiga a matsayin 'yar yawon buɗe ido ta ɓace cikin rufaffun gonakin barkono da tumatir. Ƙananan fatalwa muke ce wa irinsu, masu aiki ba takarda. Fatalwa ba ta zuwa gida hutu, don in ta fita ba za a sake barinta ta shiga ba. Shi ya sa da uwarta Buapan ta mutu, a waya Noina ta kalli ƙona gawar. Kamtan da kansa ya riƙe wayar yana nuna mata hayaƙin, har sai da Lamduan, ƙanwar mamaciyar, ta karɓe ta daga hannunsa. Ba a jima ba gonar ma ta bi uwargida. Wani ciwo mai kama da tsatsa ya shiga rassan, kowa a gundumar kuma ya riga ya koyi rataya fitila, mangkon ta yi arha har ana zuba wa aladu. Likita ya ce zuciyar Kamtan ta kumbura, ya daina hawa tudu da kaya. Ya naɗe igiyoyinsa da ƙwayayensu ya tura ƙarƙashin gida.

Shekarar da gwamnati ta cire wiwi daga jerin kayan da ake kama mutum a kansu, ƙasar nan sai da ta ɗan taɓu. Tsofaffinmu suka dasa tushe biyu uku a bayan gida don jefa ganye a miyar kaza, yadda iyayensu suke yi kafin a hana. Amma shagunan birni ba wannan suke saye ba. Na ɗaki suke so, wanda bai taɓa ganin rana ba, fure zalla mai danƙo, ba ƙwayar iri ko ɗaya a ciki. A kan wannan Noina ta dawo, ta rame, ta yi fari, tana magana da sauri kamar wadda ake jira a waje. Ranar da ta iso, suna cin shinkafa mai danƙo da kwaɗon ɗanyar gwanda a kan tabarma, ta shimfiɗa masa maganar ba ɓoye-ɓoye.

"Baba, saurare ni da kyau, kada gobe ka ce ban faɗa ba. Duk abin da na tara zan zuba shi a noman wiwi a tsohon ɗakin kwandunanka. Girbi ɗaya zai kai ni, ba biyu ba. In ya yi, na zauna, ka yi ta ganina har ka gaji. In bai yi ba, akwai wata mata da ke sama wa mutane aiki a Taiwan, na riga na ba ta sunana."

"Zai yi," in ji shi. "Shuka ce fa. A gidan nan shuka za ta ƙi?"

Ya yi dariya, amma sai ya ajiye lomar da ke hannunsa. Ya san shekarunsa, ya san abin da likita ya ce, ya kuma san yadda ake kallon hayaƙi a waya.

Rigimarsu ta farko a Udon aka yi ta, a shagon kayan lantarki. Mai shagon, wani ɗan kasuwa mai kan sanƙo da bai ƙi a sayi kowanne ba, ya kunna musu iri biyu gefe da gefe. Ɗaya ƙaton ƙwan sodiyam ne, irin na bakin titi, mai haske ruwan ɗorawa, yana kunnuwa a hankali yana ƙugi. Ɗayan faffaɗan allo ne na LED, fari tas, ya kama nan take ba ko motsi. Kamtan ya kai bayan hannunsa ga na farkon ya janye da sauri, fuskarsa ta washe. Ya kai ga na biyun, ya tsaya, ya matsa kusa, ya ƙara matsawa.

"Wannan ai fitilar asibiti ce," ya ce. "A ƙarƙashinta ake mutuwa, ba a fure."

"Baba, ba kaza zan gasa ba. In na rataya wancan a rufaffen ɗaki a ƙasar nan, na'urar sanyi za ta yi ta dambe da shi dare da rana, ni kuma in zauna ina ciyar da su biyun."

"Rana da kanta zafi gare ta. Kin taɓa jin shuka ta kai ƙarar rana?"

"Da irin wannan muke noman tumatir a can, ƙanƙara na zuba a waje."

"A can," ya ce. "Komai a can."

Mai shagon ya sa baki ya ce duka biyun suna da kyau, Kawu, masu zafin tsofaffin hannu sun yarda da su, masu sanyin kuma ba sa shan wuta. Ba wanda ya kalle shi. Noina ta sayi allunanta. Kamtan ya taya ta ɗora su a bayan mota duk da hanin likita, ya ɗaure su da kyau yadda ba za su girgiza ba, sannan suka hawo tudu.

Gaskiya ta yi aiki a ɗakin nan. Ta manne bango da takarda mai ƙyalli, ta toshe kowace kafa da baƙin salatif, ta rataya labule biyu a bayan ƙofa, ta jera tukwane ƙarƙashin allunan da fankoki a kusurwa. Saboda zafin garinmu sai ta juya wa shukar lokaci: fitilu su kama da yamma su kwana a kunne lokacin da iska ta yi sanyi, da safe wani ɗan agogo a bango ya kashe su da kansa. Ranar shukar ita ce darenmu, darenta kuma shi ne ranarmu. Makonnin farko tana ba su haske mai tsawo, suka taso kore shar, ganye kamar tafin hannu. Kamtan yakan leƙa da yamma, hannuwa a baya, ya ce ba laifi. A wurinsa wannan yabo ne mai yawa.

Da suka kai mata ƙugu sai ta juya agogon, rabi haske rabi duhu, ta kira shi ta tsayar da shi a bakin ƙofa.

"Yanzu ne aikin, Baba. Wannan ba mangkon ba ce, kishiyarta ce. Mangkon dogon yini take so, ita wannan dogon dare. Sai ta ji dare ya yi tsawo ba abin da ya katse shi sannan take sakin jiki ta yi fure. Daga safe zuwa yamma kada a buɗe ƙofar nan. Ko hasken ashana kada ya shiga. Ka ji?"

"To."

Wanda bai san tsofaffinmu ba shi ke ɗaukar wannan "to" da nauyi. Ba yarda ba ce, ba ƙi ba ne, hanya ce ta sa yaro ya yi shiru. Ita kuma ta daɗe a ƙasar da in an ce to, to ɗin ake nufi.

Don kada su zauna hannu rabbana kafin girbi, ta kama aiki a kicin ɗin wani masaukin baƙi da ke gindin dutse. Takan fita da safe a kan babur, sai la'asar ta dawo. Kamtan ya rage shi kaɗai a tsakar gida, a kan benci, yana fuskantar rufaffiyar ƙofa. Rana na zuba a kan kwanon ɗakin kyauta, har kaji na buɗe baki don zafi, shuka kuwa tana ciki cikin baƙin duhu kamar mai laifi. Abin ya riƙa cin sa. Mako ya wuce, wani ya kama, abin da yake gani da yamma bai wuce 'yan fararen gashi a kan rassan ba. Noina ta ce haka ake farawa, a yi haƙuri. Shi kuwa furen da ya sani faɗin kwano gare shi, kuma yakan zo da hayaniya.

Lamduan ma ba ta taimaka ba. Tana da rumfar taliya a bakin hanya, bakinta kuma ya fi barkononta yaji. Ya je sayen kwano ɗaya ta tare shi a gaban mutane.

"Yaya, ina furen? An ce kun kulle shuka a ɗaki kamar amarya. Ko sai mun kawo gudunmawa za a nuna mana?"

"Yana zuwa."

"Kai da ka sa ƙaya ta yi fure a tsakiyar sanyi, yau ga ka zaune kana gadin ƙofa. Kai dai ka tsufa kawai." Sai ta rage murya, ta tura masa kwanon. "Matar nan ta Taiwan ta sake kiranta jiya, a gabana. Ka sani?"

Bai sani ba. Ya bar taliyar ko rabi bai ci ba.

Ina so a fahimce ni a nan, don na ji masu cewa girman kai ne ya kai shi. Akwai girman kai, ban musa ba. Amma tsoro ya fi yawa. Mutum ne da ya ga 'yarsa na shirin suɓuce masa, a hannunsa kuma akwai abu ɗaya tak da ya iya a duniya, wanda bai taɓa ba shi kunya ba. Washegari, ƙarar babur ɗinta na ɓacewa a gangare, ya durƙusa ya jawo igiyoyinsa daga ƙarƙashin gida. Ya goge ƙwayayen ɗaya bayan ɗaya da gefen zanensa, ya gwada kowanne da bayan hannu. Da rana ta take tsaka, daidai tsakiyar daren shukar, ya ɗaga labulen ya shiga, ya rataya su a ƙasan allunan Noina, ya kunna. Ɗakin ya cika da hasken nan mai ɗumi da ya sani. Ya tsaya a tsakiyar tukwanen yana cewa, "Yauwa, ku sha, 'ya'yana." Bayan ɗan lokaci ya kashe, ya kwance komai, ya mayar ƙarƙashin gida, ya share sawun ƙafarsa.

Haka ya riƙa yi kullum. Waɗannan makonnin, tun mutuwar Buapan ba mu ga Kamtan cikin walwala irin tasu ba. Yana fito, yana aske gemu, yana tsokanar masu wucewa. Har ya tsara yadda zai gaya mata ranar girbi, bayan mai saye ya tafi, ya ce mata to, yanzu zo in nuna miki abin da ya yi aikin. Yakan yi dariya shi kaɗai in ya tuna yadda za ta buɗe baki.

Shukar kuwa ta rikice. Fararen gashin suka fito jefi-jefi, suka tsaya. Sabon toho ya riƙa fitowa da wani irin ganye mai yatsa ɗaya, murɗaɗɗe, rassan suka miƙe suna neman rufi. Noina ta ɗaga allunan, ta sauke su, ta sauya taki, ta sauya ruwa. Ta yi faɗa da wanda ya sayar mata da iri har muryarta ta dushe. Ranar hutunta ta shiga ɗakin da rana ta rufe ƙofa, ta zauna cikin duhun ta jira idonta ya saba, ko za ta ga inda haske ke ɗiga. Ko tafin hannunta ba ta gani ba. Ta fito ta zauna a bakin rijiya ta yi tagumi, abinci ma sai ya matsa mata. Shi kuma da ya ga furen ya ƙi sauri, sai ya ce a ransa allunan nan masu sanyi sun fi yadda ya zata rauni, ya ƙara wa nasa ƙwayayen lokaci.

Daga baya wasu 'yan abubuwa ruwan ɗorawa, kamar ƙananan ayaba, suka ɓullo a tsakanin furannin. Noina ta bi su da ɗan hantsaki tana cirewa tana kuka, don ta san mene ne. Shukar mace ce duka, amma wahala ta sa ta fitar da furen maza, suka fashe, fankoki suka raba garinsu ko'ina a ɗakin. Ɗan furen da aka samu ya cika da iri.

Mai sayen ya zo daga Khon Kaen, wani saurayi mai suna Wirot da ke da shaguna biyu a can, mai ladabi, mai zane a hannu har wuya. Ya haɗa tafin hannu ya gaida Kamtan, ya bi Noina rumfar da ta shanya girbin. Ya ɗauki fure ɗaya ya murza a tafinsa, ƙwayoyin iri suka zubo suna ƙara a kan tire. Ya ɗauki wani, haka. Bai ɗauki na uku ba.

"Yaya Noina, ba zan ɓata miki lokaci ba. Kasuwa ta cika har ta yi ambaliya, mai kyau ma da ƙyar yake fita. Wannan ko kyauta na ajiye a shago ba mai ɗauka. Haske na shiga ɗakin nan."

"Ba ya shiga. Na zauna a ciki da kaina."

"To, ko agogonki na wasa da ke, ko allunan na da matsala. Akwai na banza da yawa a kasuwa yanzu, ban sani ba." Ya juya ga Kamtan, wanda ya fito musu da ruwan sanyi a kofuna, ya yi masa bayani cikin girmamawa, yadda ake yi wa tsohon da ba ruwansa da zancen. "Ita wannan shukar, Kawu, barcinta ne ranta. In ana tashinta a tsakiyar darenta sai ta ruɗe, ta rasa gane fure za ta yi ko ganye, mace ce ita ko namiji. Wani abokina ɗan jan hasken jikin na'urar sanyi kawai ya ɓata masa ɗaki guda."

Kamtan ya ajiye kofunan a hankali. Maganar ba sabuwa ba ce, ita ce dai wadda 'yarsa ta gaya masa a bakin ƙofa. Sai da ta fito daga bakin baƙo, a kan tiren da ya cika da iri, sannan ta shiga kunnensa. Ya koma benci ya zauna.

Da yamma ta dafa musu ƙwai da shinkafa, ta zauna ba ta ci ba. Can ta ɗago.

"Kai ka yi gaskiya, Baba. Da na ji maganarka na sayi masu zafin nan. Na zo da kaina a sama, wai na ga duniya, na maida kai tsohon da bai san komai ba. Ka yafe ni."

Watanni ya yi yana jiran wannan maganar. Ga ta ta zo, a kan tabarma, da hawaye, kuma ji ya yi kamar an ɗora masa buhun siminti a ƙirji. Ya buɗe baki. Ya dubi fuskarta, ya hango yadda za ta koma in ta ji, ya tuna duk sanyin da ta sha a ƙasar mutane kafin ta tara abin da ya ƙone mata da hannunsa. Sai ya sa loma a bakin. Ya ce wa kansa gobe, in ta ɗan huce.

Gobe ta zo, abin da ya yi shi ne ya jira ta fita, ya kwashe igiyoyin da ƙwayayen a buhu, ya gangara da su har bakin rafi ya jefa inda ruwa ya fi zurfi. Ba ya son ganinsu, shi ke nan dalilinsa. Bai yi tunanin komai bayan wannan ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ƙofar ba ta rufe nan da nan ba. Allunan sun kwana da yawa a rataye. Lamduan ta zo ta yi ta lallashin Noina a tsakar gida, Kamtan na zaune yana gyaran kwando, yana jin komai.

"Ki sake gwadawa mana, 'yar nan. Ko tukunya goma. Zan ba ki abin sayen iri, ki ci a rumfata."

"Goggo, da na san abin da ya ɓaci, da na sake, ko da ciwon baya ne. Amma ban sani ba. Na yi komai yadda ake yi, ya lalace. In na sake haka zan yi, haka kuma zai lalace. Hannuna ne ba na shuka ba."

Ba abin da ake bukata a lokacin nan sai tsoho ɗaya ya ɗaga kai ya ce ni ne. Ya ci gaba da saƙa kwandonsa, kansa a ƙasa, har ya soke yatsa bai ji ba. Na sha tambayar kaina me ya riƙe shi, ban samu amsar da ta wuce kunya ba, irin tamu, wadda mutum zai gwammace gidansa ya rushe a kansa da ya ce wa ɗan cikinsa na yi kuskure. Kafin mako ya zagayo wani abokin Wirot ya zo da mota ya kwance allunan da fankokin da na'urar sanyin. Noina ta tafi Udon ta sa hannu a takardar matar.

Safiyar tafiyarta tsofaffin unguwa suka taru don ɗaura mata farin zare a wuyan hannu, a kira kurwarta ta bi ta lafiya. A irin wannan zaman ba a faɗin magana mara daɗi, alheri kawai ake ambata. Kamtan ne ya fara ɗaurawa. Ya ce ta je lafiya, ta samu shugabanni masu tausayi, ciwo ya yi nesa da ita. Muryarsa ta fita daidai, sai ƙullin ne ya gagare shi har sai da Lamduan ta kama masa bakin zaren.

Shi kaɗai ya raka ta bakin babban titi, yana ja mata akwati. Suka tsaya a inuwar rumfar jira. Da ya hango motar ta ɓullo daga kwana, sai maganar ta fito da kanta, a birkice, ba tsari.

"Noina, ni ne. Ba allunanki ba ne. Kullum in kin fita nakan shiga in kunna musu ƙwayayena na mangkon. Ni na ɓata miki."

Ta juyo ta zuba masa ido. Ya tsaya yana jiran faɗan, har yana marmarinsa. Sai ya ga fuskarta ta yi laushi.

"Haba, Baba."

"Gaskiya nake gaya miki. Tun daga mako na biyu. Kullum."

"Kai da ko hannun ƙofar ba ka taɓawa sai na ce ka shigo? Ina ƙwayayen suke?"

"Na zubar da su a rafi."

Ta yi murmushi, idonta ya ciko. "Ka gani ko. Haka Inna take yi mini. In na fasa kwano sai ta ce ita ce ta ajiye shi a baki-baki. Ba sai ka ɗaukar mini wannan ba, Baba, na girma. Ni na zaɓi fitilun, ni na kasa."

"Ki tsaya ki ji..."

Motar ta riga ta tsaya, yaron mota ya fizgi akwatin. Ta haɗa tafin hannunta ta sunkuya har goshinta ya taɓa ƙirjinsa, ta ce ya riƙa cin abinci, ta hau. Ya bi gefen motar yana magana ta taga, amma gilashin a rufe yake, tana ta ɗaga masa hannun da ke cike da farin zare.

Tun daga ranar ba wanda bai ba wannan labarin ba. Mutumin da bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, yanzu shi ke tare mutane a rumfar taliya, a haikali, a layin asibiti, yana lissafa musu yadda ya yi, ƙarfe nawa yake shiga, a ina yake ratayawa. Mu duk mun yarda, don mun san halinsa. Lamduan ma ta yarda, ta zage shi tas a gaban jama'a, sannan ta kira Noina ta gaya mata da bakinta. Noina ta yi dariya ta ce wato Baba har Goggo ya ja cikin shirin. Ta ce a ɗakin kwanansu na masana'anta kowa ya san labarin ubanta, tsohon da ya ƙaga wa kansa laifi don kada 'yarsa ta tafi da ciwo a rai, har wasu suna cewa da ma nasu ne.

Kamtan ya rame sosai bana, ba ya iya kaiwa bakin titi sai ya huta a hanya. Watan jiya kwantiragin Noina ya ƙare. Ya sa aka kira masa ita, ya ce ta dawo su sake gwadawa, ya rantse ba zai ko kalli ƙofar ba. Ta ce ya bar wannan maganar haka, ita ta san iyakarta, kuma ta riga ta sa hannu a kan wani sabo.